Sunan da Masta Falalu Ya Tsallake a Fom

Yayana Falalu ya rasu a shekarar 1996, a gidan babanmu da ke bayan kasuwar Nima. Ranar jana'izarsa mutane sun cika layinmu har bakin titi, kowa na cewa duk Zongo, wato unguwanninmu na Hausawan Akra, babu wanda ya kai shi sanin ƙa'idar takarda. Ni Awabu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ina cikin mata ina jin su. Gaskiya suka faɗa, amma akwai takarda ɗaya da ba su san labarinta ba, ita zan ba ku.

Kakanmu Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi Salaga, daga nan babanmu ya gangaro Akra ya yi zamansa. Baba bai taɓa taka Kano ba, amma ya fi Kanawa riƙe al'adar Kano. Ya sa Falalu a boko ne ba don son boko ba, sai don yaron ba shi da kan goro, in aka aike shi da ƙwarya goma sai ya dawo da labari. A makaranta kuwa ya yi fice, har malamansa suka ce kwalejin horon malamai ce ke jiransa.

Sai jarrabawar gama midil ta zo. Tambaya takwas ce a takardar, a sama an rubuta da Turanci cewa a amsa biyar kawai. Falalu ya ga rubutun, ya kuma fahimce shi sarai. Amma Baba ya raine mu a kan cewa in babba ya tambaye ka, ba ka zaɓen wadda za ka amsa. Don haka yayana ya duƙufa ya amsa duka takwas, kowace rabi-rabi, yana gumi, yana ganin ladabi yake yi wa gwamnati. Mai maki ya duba biyar na farko ya watsar da sauran. Kwaleji ta wuce shi, ya ƙare a ticha marar satifiket a wata makarantar Turanci da Larabci a Maamobi, inda ya yi shekara talatin da 'yan kai.

Tun daga ranar Falalu ya kamu da ciwon da bai warke ba har ya koma ga Allah. Sauran malamai suna koyar da lissafi da tarihi, shi kuwa layukan nan na saman takarda yake koyarwa. In ka bi ta bayan ajinsa da hantsi sai ka ji yara arba'in suna rera "Answer all questions! Tick one box only! Write in block letters!" suna layi gaba da baya kamar masu bitar hadda. Shi kuma yana zagayawa da rula yana fassarawa: a amsa duka tambayoyi, a yi alama a akwati ɗaya tak, a rubuta da manyan baƙaƙe. Yaron da ya juya takarda kafin a ce a juya, ranar zai san rula tana da gefe. Daga nan aka laƙaba masa Masta Tik-Wan, kuma ina jin a ransa sunan ya yi masa daɗi, don bai taɓa dukan kowa a kai ba.

Da yamma zauren gidanmu ya kan zama ofis. Mai neman fasfo na Hajji, mai neman lasin tuƙi, matan da asibiti ta ba takardar tambayoyi a kan allurar yara, duk nan suke layi. Ba zai taɓa biro ba sai ya karanta maka umarnin daga farko har ƙarshe, ya fassara, ya tambaye ka ko ka gane, ka ce e, ya ce ƙarya kake, ya sake. Wani dattijo ɗan dako ya taɓa dangwala babban yatsa a ƙasan layin da aka ce kada a rubuta komai, don ya ga wurin fili ne fes. Falalu ya yi mako guda ba ya amsa masa sallama da fara'a. Har a gida ba mu tsira ba. In matarsa Abiba ta tambaye shi miyar kuka ko ta kuɓewa, sai ya ce ai tambayar ba ta cika ba, ba ta ce ɗaya zai zaɓa ko biyu ba. Abiba mai haƙuri ce, da ni ce da ya ci tuwonsa gaya.

To, ga inda zancen yake. A shekarar 1971 Abiba ta haifi 'yarsu ta fari, aka sa mata Hamsatu, sunan innarmu da ta rasu ba da jimawa ba. A gida irin namu, ɗan fari ba a nuna shi. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, ba ka ce nawa ne. In kuma sunan uwarka aka sa, to kunyar ta zama biyu. Da aka yaye yarinyar sai aka ba ni riƙonta, don na yi shekara shida a ɗakin mijina Braimah direban trotro, motar haya, ban samu haihuwa ba. Ranar da aka ɗora min ita a baya na yi kuka har na ba wa kaina kunya. Na so yarinyar nan fiye da yadda na so kowa a duniya, har da Braimah, Allah ya jiƙansa, kuma ya sani.

Falalu bai taɓa furta sunanta ba. Yarinyar Awabu, shi ne abin da yake cewa. In ta shigo gaishe shi sai ya amsa wa bango. Amma da safe in ya biyo ta teburina, inda nake sayar da koko da ƙosai a bakin titi, sai ya ajiye fensir ko littafin rubutu kusa da tulu, ya ce ya tsinta ne, ko wani zai so. Da na kai ta firamare aka tambayi sunan uba, na ba da na Braimah. Nan laifina ne, ban ɓoye ba. Amma a lokacin ko limamin unguwa ka tambaya zai ce daidai na yi.

Hamsatu ta tashi da kan ubanta. A shekarar 1985 ta ci jarrabawar shiga sakandare, wata makarantar kwana ta 'yan mata a hanyar Koforiduwa ta ɗauke ta. A layinmu ba a taɓa yin mace da ta kai nan ba. Braimah ya riga ya rasu, koko da ƙosai kuwa ba sa kai yarinya makarantar kwana. Sai dai akwai mafita ɗaya. Malaman makarantun irin ta Falalu suna da ƙungiyar taimakon kai, kuma ƙa'idarta ita ce in babban ɗan mamba ya ci jarrabawa, ƙungiya za ta ɗauki nauyinsa har ya gama. Falalu ya rubuta takardar nema, ya kai da kansa. Muka zauna jiran amsa, ni har na fara ɗinka mata zannuwan gado.

Mako biyu shiru. Ya daina biyowa ta teburina, sai ya zaga ta bayan masallaci. Abiba ce ta zaro wasiƙar ƙungiyar daga aljihun rigarsa ranar wanki ta kawo min. Na kai wa Mutala mai kantin magani ya karanta. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya ce wai ƙungiya ta duba takardunta, Masta Falalu ba shi da 'ya mai suna Hamsatu. In ba a gyara ba kafin ƙarshen wata, gurbin zai koma ga ɗan wani malami.

Na bar tulun koko a hannun maƙwabciya, na same shi a zaure yana feƙe fensir.

"Yaya, wane fom ka cika wa ƙungiya?"

"Tun shekara shida ne wannan, lokacin da na shiga."

"Me aka ce a sama? Karanta min, tunda kai ne sarkin saman takarda."

Ya faɗa a hankali kamar mai ciwon haƙori: "List all your children. Wato a jera duka 'ya'ya, a fara da babba."

"Duka. Ka ce duka. Wa ka fara rubutawa?"

"Jibirilu."

"Jibirilu ne babba, ko yayarsa?"

"Awabu, ki yi min adalci. Ta yaya zan ɗauki biro in rubuta sunan Inna, in ce ni na haife ta? Da manyan baƙaƙe fa aka ce!"

Wallahi da ba don halin da nake ciki ba da na yi dariya. Mutumin da ya ƙaurace wa ɗan dako saboda dangwalen yatsa, ga shi ya tsallake mutum guda sukutum a takarda, ya kuma sa hannu a ƙasa cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Na ce in yarinyar nan ta ƙare a bakin kaskon ƙosai saboda kunyarsa, kada ya zo jana'izata. Washegari ya sa farar rigarsa mai aljihu uku, muka hau trotro zuwa ofishin ƙungiya a Adabaraka.

Akawun da muka tarar Kadiri ne, Badagombe ɗan Maamobi, tsohon ɗalibinsa. Yana ganin mu ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Ei, Masta! Masta Tik-Wan da kanshi! Zauna, zauna. Mma, sannu da zuwa."

Ya aika aka kawo mana ruwan sanyi. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi. Falalu ya yi gyaran murya ya ce a ɗan ba shi tsohon fom ɗin, akwai layi ɗaya da zai ƙara. Kadiri ya ɗauko fayil, ya buɗe, amma bai sake shi ba. Ya sa yatsa a ƙasan takardar.

"Masta, duba nan. An ce ba gyara bayan an sa hannu. Yarinyan nan, sunan shi ba shi ciki koraa, ko kaɗan. In na bar ka ka ƙara, Masta, kai da kanka za ka raina ni. Sabi da wannan layi ka doke ni sau biyu a aji shida."

Ya faɗa yana murmushi, yana jiran a yaba masa. Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne na ga Falalu ya gyaɗa kai, wani ɓangare na zuciyarsa yana alfahari. Na buga teburin na ce to ni ba a doke ni a aji shida ba, a gaya min yadda za a yi. Kadiri ya buɗe wani ɗan littafi ya ce hanya ɗaya ce. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Mamba zai tsaya a gabansu, yarinya tana wurin, ya faɗa da bakinsa cewa ya cika fom ba daidai ba, ya faɗi sunan yarinyar, ya ce tasa ce. In ya yi haka za a buɗe sabon fom.

Muka hau trotro muka dawo gida. Kwana uku bai cika wa kowa takarda ba, ya ce kansa na ciwo. Ni kuwa ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, tsoro kawai nake kada ranar ta zo ya ce zazzaɓi ya kama shi. Ranar Alhamis tun da sassafe na je na zauna a ƙofar ɗakinsa da mayafina, Hamsatu na tsaye a bayana da kayan makaranta.

Mutum uku ne a kwamitin. Shugabarsu wata tsohuwar hedimistiris ce, 'yar ƙabilar Ga, mai furfura da tabarau a kan hanci. Da Turanci aka yi, Kadiri yana fassara min a kunne. Kashi na farko bai ba Falalu wuya kamar yadda na zata ba. Ya ce shi, wanda ya shekara ashirin da biyar yana koya wa yara bin umarni, ya karanta umarni ya gane ya ƙi bi. Ɗaya daga cikin mazan ya rufe baki da hankici. Sai matar ta ce to, ya faɗi cikakken sunan yarinyar.

Falalu ya dubi silin. Ya dubi taga. Ya ce ko za a ba shi takarda ya rubuta, ai rubutu ya fi magana ƙarfi a ofis. Matar ta duba littafin ta ce a nan an ce da baki, ko Masta yana so kwamiti ya saɓa umarni? Gumi ya jiƙa bayan farar rigar nan har ana ganin singileti. Ya nuna Hamsatu da haɓa ya ce ga ta nan ai, kowa na ganinta. Matar ta ce tana ganin yarinya, amma ba ta ji suna ba, kuma akwai mutum huɗu a waje suna jira. Ta fara rufe fayil.

Na yunƙura zan yi magana, Kadiri ya riƙe min mayafi. Sai na ji muryar nan ta aji, wadda ake ji daga Maamobi har bakin kwata.

"Hamsatu. Hamsatu Falalu. 'Yata ce, ita ce ta fari."

Da Hausa ya faɗa, ya manta da Turancin gaba ɗaya, sai da aka sa shi ya maimaita. Hamsatu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminta. Ni kuma na rangaɗa guɗa a cikin ofishin mutane, aka ce in fita.

A barandar ofis Kadiri ya kawo sabbin takardu, har da ta makarantar. Falalu ya zauna ya cika su da rubutunsa mai kyau. Na ga ya ciro rula ya ja layi a kan wata kalma, na tambaye shi mene ne. Bai ɓoye min ba. Ya ce an rubuta uba ko mai riƙo, aka ce a soke wanda bai dace ba, a sa suna ɗaya kawai. Tunda yanzu ya tsaya gaban kwamiti ya ce shi ne uba, ba zai yiwu kuma ya sa mai riƙo ba. Na ce ya soke duk abin da zai soke, ni dai yarinyata ta tafi makaranta. Murna ta hana ni tambayar me za a yi da sunan nan ɗaya.

Ta tafi a watan Satumba da akwatin ƙarfe da zannuwan da na ɗinka. Lahadin farko ta watan Nuwamba ce ranar ziyara. Na dafa shinkafa da wake, na soya kifi da yajin da take so, na ɗaure tukunyar a cikin sabon zane. Muka hau mota ni da Falalu, tukunyar a cinyata tana ƙona ni har muka isa, ban damu ba.

A bakin get akwai mai gadi da babban littafi. Ya nemo sunan Hamsatu Falalu, ya bi layin da yatsa, ya dubi yayana ya ce ya shiga. Na bi bayansa, sai ya tare ni da sanda. Mutumin Arewa ne, yana jin Hausa.

"Mma, kai tsaya. Suna ɗaya ne a littafi. Wanda sunan shi ba shi ciki, ba shi shiga."

Na ce ni ce uwarta. Ya ce bai musa ba, amma littafi bai ce haka ba. Na juya na dubi Falalu, ina jiran ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya yi ƙarya ma in ta kama. Ya leƙa littafin, ya karanta abin da ke saman shafin, leɓensa na motsi. Ya ɗago ya ce min a hankali, "Gaskiyarsa ne, Awabu, haka aka rubuta." Ya miƙo hannu, na ba shi tukunyar.

Na zauna a gindin wata bishiya kusa da mai sayar da lemo, ina kallon iyaye suna shiga da fita. Daga inda nake ana hango rufin ɗakunan kwana, ba a hango mutane. Awa biyu ya yi a ciki. Ya fito da tukunya wankakkiya, fuskarsa kamar ta ango.

A mota bakinsa bai rufu ba. Hamsatu ta yi ƙiba. Hamsatu ce ta uku a lissafi. Hamsatu ta nuna shi ga ƙawayenta, ta ce ga babanta. Hamsatu ta tambaya ina nake, da ya gaya mata ta yi kuka, amma ya lallashe ta, ya ce ƙa'ida ce. Sunan da ya shekara goma sha huɗu bai iya furtawa ba, ranar ya kira shi ya fi sau ashirin kafin mu kai unguwar Madina ta bakin Akra, har fasinjan gaba ya juyo ya ce Allah ya raya masa ita. Ya amsa da amin, bai dubi bango ba, bai dube ni ba.

Ni na tilasta shi, kuma da za a sake da na sake tilasta shi. Amma ban taɓa jin kishin mutum kamar yadda na ji na yayana a motar nan ba. Na rungume tukunyata, na juya fuska wajen taga, har muka sauka a Nima.